GAWO YA KOMO GONAKIN MAGARYA DA DUNGAS: WA ZAI TSARE SHI?

Duk wanda ya bi hanya daga Magarya zuwa Dungas a watan Maris zai ga abin sha'awa. Rani ya kai tsakiya. Ciyawa ta ƙare, an kwashe kara, ƙasa ta yi fari fat. Amma gonaki ba su zama fili fetal ba. Ko'ina gawo ne, shar da ganye. A ƙarƙashinsa awaki da tumaki suna tsintar ƴaƴan da suka faɗo. Yara suna tara wasu cikin buhu. Shanun Fulani suna kwance a inuwa suna tuƙa.

Dattawan Bande, Waca, Guci da Malawa sun san ba haka wurin yake ba shekara 40 da suka wuce. A lokacin, mutum yana iya tsayawa a bakin garinsu ya hango garin maƙwabta, babu iccen da ya tare masa ido. Yau itatuwa sun komo. Ba daga wata ƙasa aka kawo su ba. Manoma ne suka raya su da hannunsu, kowa a gonarsa.

Ya kamata manoma da makiyaya su san yadda icce ya ɓace da yadda ya komo. Wanda ya san abin da ya kori icce jiya, shi ne zai iya tsare shi gobe.

Yadda gonaki suka tsiraita

Ƙasar Magarya ƙasar jigawa ce. Rairai ne mai sauƙin noma, amma mai saurin gajiya. A da, in gona ta gaji, sai a bar ta ta zama saura. Ta huta shekaru, sabara da ƙalgo su rufe ta, sa'an nan a sake sassabe.

Abu uku suka taru suka kashe wannan tsari.

Na farko, gujiya. Tun zamanin Turawa, Magarya da Matamai suka yi suna wajen noman gujiya. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayenta. Da kuɗin gujiya ake biyan haraji, ake aure, ake sayen tufafi. Saboda haka kowa ya faɗaɗa gona. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Manomin da ya bar ƙananan itatuwa a gonarsa, rago ake ce masa.

Na biyu, yawan jama'a. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012, gundumar Magarya tana da mutum fiye da 570,000. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, tana da fiye da 350,000. Da mutane suka yi yawa, saura ta ƙare. Dajin da mata ke zuwa itace ya zama gona.

Na uku, fari. An yi babban fari a 1973 da 1974. A 1975 cuta ta faɗa wa gujiya ta kashe ta. A 1984 aka sake yin fari mai tsanani, ga shi Najeriya ta rufe iyakarta a wannan shekara. Bisashe suka mutu. Itatuwa da yawa suka bushe. Waɗanda suka rage, aka sare su aka sayar don a sayi hatsi.

Daga nan iska ta samu hanya. In an yi shuka, iskar bazara ta taso da rairai ta yanke ƙaramin hatsi ko ta binne shi. Manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci sau huɗu. Iri ya ƙare, damana ta yi nisa. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki a gona.

Lokacin da icce ya zama na hukuma

Akwai dalili na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba. Shi ne maganar mallaka.

Tsare gawo ba sabon abu ba ne a ƙasar Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya bar suna a kan wannan. Har yau ana ba da labarin cewa ya hana saran gawo, kuma ya sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi.

Da Turawan Faransa suka zo, sai suka yi tasu doka ta gandun daji a 1935. Bayan samun mulkin kai, aka yi wata a watan Maris na 1974. Waɗannan dokoki sun jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izinin hukuma, gawo yana cikinsu. Niyyar mai kyau ce, don a tsare icce. Amma ga abin da ya faru a ƙauye.

Gawo ya tsiro a gonar mutum. Ya kewaye shi da hauya, ya girma. Ranar da ya sare reshe ɗaya don gyaran rumbu, sai ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Ko wani ya zo da dare ya sare, mai gona ne zai amsa tambaya. To, manomi ya yi lissafi. Icce a gona ya zama abin jawo tara. Gara a tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin wani ya gan shi.

Ashe dokar da aka yi don tsare icce, ita ce ta sa aka daina raya shi. Mutum ba ya wahala a kan abin da ba nasa ba.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa. Aka yi wuraren renon dashe, aka raba bedi da turare, samariya ta fita aikin gayya. Bedin da aka dasa cikin gari da bakin hanya ya rayu, don akwai mai ba shi ruwa. Amma dashen daji da yawa ya mutu. Ba mai ban ruwa, ba mai korar awaki, don ba wanda ya ɗauke shi nasa.

Abin da ya sake

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Saini Kunce, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. Taron ya nuna cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa.

A wannan lokaci kuma, a ƙasar Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da wani abu a 1983. Ƙananan tsirran da ake sarewa kowace bazara, da yawansu tohon tsofaffin itatuwa ne. An sare iccen, amma saiwarsa tana da rai a ƙasa. In an zaɓi toho mai ƙarfi aka rage sauran, zai girma da sauri ya wuce dashe. Manoman Maraɗi suka gwada, suka gani, suka sa wa aikin suna sassaben zamani.

A Magarya, Matamai da Mirya, manoma sun kama tasu hanya tun wajen 1985, galibi ba tare da wani furoje ba. Nan gawo ya fi yawa. Bisashe suna cin ƴaƴansa, ƙwayar ta fita cikin kashinsu. In an kai taki gona, gawo ya tsiro. Abin da manomi ya yi shi ne ya daina tumɓuke shi. Ya kewaye shi a wajen noma, ya aske masa ƙananan rassa. Maƙwabci ya ga hatsin maƙwabcinsa ya fi nasa, shi ma ya bi.

A waɗannan shekaru kuma hukuma ta yi ƙarancin kuɗi. Ma'aikatan gandun daji suka rage yawo cikin ƙauyuka. Sannu a hankali manoma suka fara ɗaukar iccen gonarsu a matsayin nasu. Daga baya doka ta biyo su.

Abin da masu bincike suka ƙirga

A 2006 wani malamin kimiyyar itatuwa ɗan Nijar, Mahaman Larwanu, da abokan aikinsa suka zagaya ƙauyukan Magarya, Matamai da Mirya. Sun tarar aikin ya rufe kimanin hekta miliyan 1. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A cikin hekta ɗaya sun ƙirga itatuwa daga 20 zuwa 120, yawancinsu matasan gawo.

Wasu masu bincike kuma suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975, suka gwada su da na bayan shekara 30. Hotunan sun nuna abin da dattawa ke faɗa. Wurin da ya yi ƙwal a da, ya cika da itatuwa.

A 2009 aka yi lissafin kudancin Nijar, musamman jahohin Maraɗi da Damagaram. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. An kuma ƙiyasta cewa waɗannan gonaki suna ƙara tan 500,000 na cimaka a shekara. Tan ɗaya buhu 10 ne na kilo 100. Wato buhu miliyan 5.

Akwai darasi babba a nan. An saba cewa yawan mutane shi ke cinye daji. Amma a kudancin jahar Damagaram, inda mutane suka fi cunkoso, nan itatuwa suka fi komowa. Da daji ya ƙare, manomi ya mai da gonarsa ta zama dajinsa.

Me gawo yake yi wa gona?

Halin gawo ya saɓa da na sauran itatuwa. Da damana yake zubar da ganye, da rani yake toho. Saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa lokacin da hatsi ke son rana.

Ganyen da ya zuba a farkon damana yana ruɓewa ya zama taki. Gawo dangin wake ne. Kamar wake, saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin da ake saye cikin takin zamani irin na ire. Babbar saiwarsa tana nitsawa ƙasa da nisa, ta sha ruwan da hatsi ba ya kaiwa. Da rani bisashe suna hutawa a inuwarsa, su bar kashi da fitsari. Iska in ta taso, itatuwa su rage mata ƙarfi, ƙurar da ta ɗauko ta sauka a gona.

Kowa na iya gwadawa. Ranar girbi, a dubi zangarniyar gindin gawo, a dubi ta tsakiyar fili. Ido ma ya isa shaida.

Ba gawo kaɗai ke da amfani ba. Kuka tana ba da miya, mutanen Mirya shaida ne. Ƙalgo da sabara suna ba da itacen girki, suna riƙe rairai. Magarya, aduwa, tsamiya, kanya da gwandar daji suna ba da ƴaƴa. Kirya tana ba da turmi da ƙotar hauya. Goruba tana ba da kaba. Gonar da ke da iri iri ta fi gonar da ke da iri ɗaya.

Aljihu da tukunya

Icce rumbu ne na biyu. In damana ta yi kyau, yana nan yana girma. In ta ɓaci, a aske rassa a sayar da itace, a tara ƴaƴan gawo a kai kasuwa, a sayi tiyar hatsi. A yunwar 2005 gidaje da yawa da wannan suka tsallake. Mai icce bai yi saurin sayar da akuyarsa ko jinginar da gonarsa ba.

Masu kiwon turke su ma sun samu. Ragon da aka ciyar da ƴaƴan gawo da harawa yana yin ƙiba. A kasuwar Maigatari, a ƙetaren iyaka, ƙiba ake saye.

Mata sun fi kowa sanin bambancin. Binciken da aka yi a jahar Damagaram ya nuna cewa a wasu ƙauyuka macen da ke ɓata awa biyu da rabi kullum wajen neman itace, ta koma rabin awa. Lokacin da ya rage ya tafi ga sana'a, ga kula da yara, ga ajin yaƙi da jahilci.

Amma akwai magana a nan. Mata da yawa ba su da gonar kansu, sai gayauna ta aro. Matar da ta rena kuka a gayauna, in an karɓe filin, wa ke da kukar? Haka mai gonar aro ko ta jingina. In bai tabbata zai ci amfanin icce ba, ba zai rene shi ba. Ya kamata a yanke wannan magana tun ranar da aka ba da gonar, a gaban shaidu.

Manomi da makiyayi

Gawo yana bukatar bisashe, bisashe suna bukatar gawo. Ba don garke ba, da irin gawo bai bazu ba. Ba don gawo ba, da garke bai samu ɗanyen ganye a watan Afrilu ba. Tun kaka da kakanni manomi yana gayyatar Bafillace ya kwana da shanunsa a gona, ya ba shi hatsi, shi kuma ya bar masa taki.

Yau zaman ya yi wuya. Gonaki sun ci makiyaya, sun matse burtali. Makiyayi ya zo da garke, babu ciyawa, ga gawo shar. Sai ya hau da gatari ya yi masa ƙwal. Manomi ya wayi gari ya ga wahalar shekara goma a ƙasa. Daga nan sai faɗa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, yana da laifinsa. Manomin da ya nome burtali ya taka doka. Makiyayin da ya sare kan gawo ba da izini ba ya yi ɓarna. Akwai kuma na uku, ɓarawon itace, wanda ke zuwa da amalanke cikin dare. Shi ba manomi ba, shi ba makiyayi ba, amma sau da yawa a kan baƙon makiyayi ake ɗora laifinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye ta jahar Maraɗi, sun nuna hanya. Sun kafa kwamitin tsaron itatuwa na ƙauye. A ciki akwai manoma, akwai mata, akwai makiyaya. Tare suka yi dokokinsu, tare suke zagaya gonaki, tare suke yanke wa mai ɓarna tara. Dokar da aka yi da mutum ta fi saurin shiga kunnensa.

Abin da doka ta ce

Akwai dokoki huɗu da ya kamata kowa ya san da su.

A watan Maris na 1993 aka yi dokar tsarin karkara. Ita ta yarda cewa gonar gado mallaka ce, ko da babu takardar Turawa. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. Akwai na gunduma, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na ƙauye. Mai gari ne shugaban na ƙauye, kuma akwai kujerar manoma, ta makiyaya, ta mata da ta samari. A nan ake rubuta takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina.

A watan Yuni na 2004 aka yi sabuwar dokar gandun daji, wadda ta maye gurbin ta 1974. Ta ba jama'ar karkara hannu cikin kula da itatuwa.

A watan Mayu na 2010 aka yi dokar kiwo. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Ta hana nome burtali da tare hanyar ruwa. Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi.

Ranar 30 ga Yuli na 2020 gwamnati ta sa hannu a kan doka ta musamman game da sassaben zamani. Ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin amfanin itatuwan da ya raya a gonarsa.

Amma wannan ba ya nufin kowa ya ɗauki gatari. Kafin a kayar da babban gawo, a nemi ma'aikacin gandun daji a ji ƙa'ida. In an biya wani kuɗi, a karɓi takardar shaida. Dokar da ke cikin akwati a Yamai ba ta tsare icce a Dogo-Dogo. Sai an san ta, an karanta ta, an yi aiki da ita. Wannan yana cikin amfanin karatu. Mai iya karatu yana duba takardar gonarsa da idonsa, ba sai an gaya masa ba.

Aikin bazara mai zuwa

Itatuwan da aka fara rayawa a 1985 sun manyanta. Icce ma yana tsufa. In babu ƙanana a bayansu, wata rana gonaki za su sake tsiraita. Ga kuma gado yana ta rarraba gonaki, ga garuruwa suna ta neman itace da gawayi. Saboda haka aikin bai ƙare ba. Ga abin da kowane mai gona zai iya yi, ba tare da ya kashe ko dala ba.

1. Kafin sassabe, ya zagaya gona ya ga abin da ya tsiro.
2. A kowane kututture ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya cire sauran.
3. Ya aske rassan ƙasa da wuƙa ko adda mai kaifi. Ya yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Kada ya taɓa kan iccen.
4. Ya kafa wa ƙaramin gawo sanda, ko ya ɗaura masa tsumma, don mai noma da mai garma su gan shi.
5. Da rani ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
6. Kada ya ƙona shara kusa da shi.
7. In ya kayar da tsoho ɗaya, ya tabbata akwai ƙanana da za su gaje shi.

Ga kuma abin da ya rataya a wuyan gari baki ɗaya. A zauna kafin kaka, manoma da makiyaya da mata, a gaban mai gari da arɗo. A nuna iyakar burtali. A yarda a kan yadda makiyayi zai samu ganye, ko da roƙo, ko da musayar taki, da irin rassan da za a aske ba tare da an kashe iccen ba. A zaɓi masu tsaro. A rubuta abin da aka yarda a kai da Hausa, a ajiye wajen Kofo, a karanta wa duk baƙon da ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yau daga ƙasashe dabam dabam ana zuwa Nijar don a ga abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi da hauya da wuƙa. Yaran da ke tsintar ƴaƴan gawo a Yekuwa da Sasumburum ba su ga 1984 ba. Suna tsammanin haka gonaki suke tun fil azal. Wajibi ne iyaye su gaya musu yadda aka yi, su kai su gona, su nuna musu ƙaramin gawo su ce kada hauya ta taɓa shi.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya zaunar da manoma da makiyaya lafiya.